Tayar A-kori-kura: Karanta Ta Kafin Ka Saya

Kaka ta yi. An yanke gero, an rore wake, an tone gyaɗa da aya. Abin da ya rage wa manomi shi ne kai amfanin gona kasuwa. A ƙauyukan Agye da Gazawa da Gidan Rumji, amalanken shanu ke kwaso kaya daga gona zuwa gida. Amma in tafiya ta yi nisa, sai an nemi ƙaramar motar ɗaukar kaya, wato a-kori-kura, wadda wasu ke kira bashe.

Wannan mota tana da amfani ƙwarai a karkara. Ita ke kai buhunan aya Cadawa, ita ke kai wake da gyaɗa Maraɗi. Ita ke kawo takin zamani da iri. Idan naƙuda ta yi wa mace tsanani da dare, sau da yawa ita ce ake ta da direbanta don a kai mai haihuwa asibitin gunduma.

To, duk nauyin nan, na kaya da na mutane, a kan tayoyi huɗu yake. Kuma inda kowace taya ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannun babban mutum da yawa ba. In taya ta fashe mota na cikin gudu da kaya, sai Allah ya kiyaye. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a hatsarin hanya. In an kwatanta da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace yin wannan hasara. Shi ya sa muka kawo zancen taya a shafin lafiya da noma.

Wannan bayani na direba ne, da mai mota, da ƴan ƙungiyar manoma da suka haɗa kuɗi suka sayi mota. Na fasinja ne kuma, domin ransa na cikin abin da taya ke ɗauke da shi. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne: kowace taya tana da rubutu a jikinta, kuma rubutun yana faɗin girmanta, da nauyin da za ta iya ɗauka, da shekarunta. Wanda ya iya karanta shi, da wuya a cuce shi.

Hanyoyinmu iri huɗu ne

Kafin mutum ya sayi takalmi, yakan tuna inda zai taka da shi. Haka taya take. Bari mu duba hanyoyin da motocinmu ke bi.

Ta farko, kwalta. Babbar hanya mai lamba 1 ta taso daga Yamai, ta ratsa Gidan Rumji da Tibiri da Maraɗi, ta bi ta Cadawa da Agye da Gazawa, ta wuce Tasawa zuwa Damagaram. A kan kwalta ake gudu. A watan Afrilu da na Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka zafi. Zafi da gudu da nauyi, in suka haɗu, su ke fasa taya.

Ta biyu, hanyar burji. Tana da tsakuwa mai kaifi da gargada. Tsakuwa tana gutsure zanen taya, gargada tana jijjiga ta.

Ta uku, hanyar rairayi. Yawancin ƙauyukanmu a jigawa suke, hanyoyinsu kuwa sawun amalanke ne tsakanin gonaki. Nan mota ke kafewa. Nan kuma ake gamuwa da ƙayar aduwa da ta gawo da ta bagaruwa, da kututturen da rairayi ya rufe.

Ta huɗu, laka. Daga Yuni zuwa Satumba, fadamun Gulbin Maraɗi da na Gulbin Kaba sukan yi taɓo da santsi. Amma wannan na wata uku ne ko huɗu. Sauran watannin shekara rani ne.

Saboda haka mai mota ya tambayi kansa: a cikin tafiya goma da nake yi, nawa ce a kan kwalta, nawa a rairayi, nawa a laka? Amsar wannan tambaya ita za ta nuna masa irin tayar da ta dace da shi.

Girman taya

Ka tsuguna ka dubi gefen taya. Za ka ga manyan lambobi da baƙaƙe. Ga misali guda da ake yawan gani a motocin Toyota Hilux:

205 R 16 C

Lamba 205 faɗin taya ce da milimita, wato santimita 20 da rabi. Harafin R yana nufin taya ce mai wayoyin ƙarfe shimfiɗe a ƙarƙashin zanenta, irin wadda kamfanin Michelin na Faransa ya ƙirƙiro a 1946. Lamba 16 girman rim ne, wato ƙarfen da ake sa taya a kansa. Da inci ake auna shi, inci ɗaya kuwa santimita 2 da rabi ne da ɗan ɗoriya. Harafin C yana nufin taya ce ta motar ɗaukar kaya. Wasu tayoyin, maimakon C, suna da LT. Manufarsu ɗaya ce.

Ga misali na biyu, na sababbin motoci:

265/65 R 17

Faɗinta milimita 265. Lamba 65 tana faɗin tsayin gefen taya: kashi 65 cikin 100 na faɗinta, wato wajen santimita 17. Rim kuwa inci 17 ne. In wannan lamba ta tsakiya ta yi ƙanƙanta, kamar 50 ko 55, gefen taya gajere ne. Irin wannan ta birni ce. A kan gargada da ramuka, nan da nan rim zai daki ƙasa ya lanƙwashe. Hanyar karkara tana son taya mai dogon gefe.

Akwai kuma tsohon salon rubutu, kamar 7.50 R 16, wanda ake gani a a-kori-kurar Land Cruiser. A nan faɗin ma da inci aka rubuta shi: inci 7 da rabi.

Wane girma za ka saya? Wanda masu ƙera motar suka rubuta. In ka buɗe ƙofar direba, za ka ga ƴar takarda ko ɗan ƙarfe manne a jikin ginshiƙin ƙofa. A nan aka rubuta girman taya da yawan iskar da take so. In ya goge, a duba littafin motar, ko a tambayi makanikin da ya san irinta.

Wasu direbobi suna son sa taya da ta fi ta asali girma, don mota ta ɗaga sama ta yi kwarjini. Gaskiya ne cikin mota yakan ɗan ƙara nisa da ƙasa. Amma ga abin da ke biyo baya. Mota takan rasa ƙarfin ja in ta ɗauki kaya. Takan ƙara shan mai. Birki yakan yi nauyi, sai mota ta yi nisa kafin ta tsaya. Agogon gudu yakan nuna ƙasa da gudun da ake yi. In an yi lodi ko an karya kwana, taya takan gogi jikin mota har ta yanke. Kwarjinin da zai jawo wannan duka bai da riba.

Abu biyu kuma wajibi ne. Tayoyi biyu na gaba su zama iri ɗaya, girma ɗaya, zane ɗaya. Haka na baya. Idan mota mai ja da ƙafa huɗu ce, dukkan huɗun su zama girma ɗaya, in ba haka ba giyar mota za ta wahala ta lalace.

Nauyin da taya ke iya ɗauka

Wannan shi ne sashen da ya fi muhimmanci ga mai ɗaukar buhuna. Bayan lambobin girma, akwai wata lamba da harafi, kamar haka: 110/108 R, ko kuwa 96 T.

Lambar ita ce ta nauyi. Ba kilo take faɗa kai tsaye ba, alama ce, kuma kowace alama da kilonta. Ga kaɗan daga ciki, a kwafa a ajiye:

96 tana nufin kilo 710
100 tana nufin kilo 800
104 tana nufin kilo 900
106 tana nufin kilo 950
108 tana nufin kilo 1000
110 tana nufin kilo 1060
112 tana nufin kilo 1120
116 tana nufin kilo 1250

Wannan nauyin taya guda ne, in an cika ta da iska yadda ya kamata. In ka ga lambobi biyu, kamar 110/108, ta farko ce taka. Ta biyun ta motar da ke da tagwayen tayoyi ce a baya.

Mu yi ɗan lissafi. A a-kori-kura, tayoyin baya ke ɗaukar mafi yawan kaya. Tayoyi biyu masu lamba 110 za su ɗauki kilo 2120. Tayoyi biyu masu lamba 96 za su ɗauki kilo 1420. Bambancinsu kilo 700 ne, wato buhu 7 na gero mai tiya 40. Alhali in ka dube su da ido, za ka iya cewa girmansu ɗaya. Ta biyun tayar motar shiga ce, an yi ta don mutum biyar da jakunkunansu. Wanda ya sa ta a motar kaya don ta fi araha, ya sayi wahala da kuɗinsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Wata alama kuma ita ce PR, kamar 6 PR ko 8 PR ko 10 PR. Tana nuna ƙarfin jikin taya. In lambar ta fi yawa, taya ta fi jure nauyi da ƙaya. Ga motar da ke shiga ƙauye da kaya, 8 PR ta dace.

Harafin da ke bayan lambar nauyi kuwa na gudu ne. N tana nufin kilomita 140 a awa, Q 160, R 170, S 180, T 190. Wannan iyakar taya ce a wurin gwaji. Ba izinin gudu aka ba direba ba.

A kula da wani abu. Taya mai ƙarfi ba ta ƙara wa mota ƙarfi. Yawancin a-kori-kura an yi su ne don ɗaukar kimanin tan 1, wato kilo 1000. Buhu 10 ke nan, kuma a cikin wannan lissafi har da direba da yaron mota da fasinja. In an loda buhu 20, mutane goma suka hau bisa, to an wuce iyakar taya, an wuce ta birki, an wuce ta sifirin. Sawu biyu lafiya ya fi sawu ɗaya da ba a kai ba.

Zanen taya

Zane shi ne ramuka da haƙoran da ke bisa taya, inda take taka ƙasa. Iri uku aka fi sani, kuma sau da yawa ana rubuta alamarsu kusa da sunan taya.

Na farko, H/T. Wannan ta kwalta ce. Zanenta ƙanana ne, a matse. Ba ta da ƙara, ba ta sa mota shan mai, tana daɗewa a kan kwalta, tana kuma kama birki sosai. A busasshen rairayi ma ba ta da laifi in an rage mata iska. Amma a laka ramukanta sukan cika, ta koma sumul, ta yi ta juyawa wuri ɗaya. Tsakuwar burji kuma tana cin ta. Ta dace da direban da aikinsa Maraɗi zuwa Agye ne, ko Maraɗi zuwa Gidan Rumji, ba ya sauka daga kwalta sai kaɗan.

Na biyu, M/T. Wannan ta laka ce. Haƙoranta manya ne, da fili mai faɗi tsakaninsu, don taɓo ya riƙa fita. A fadama da damina babu kamarta. Amma tana da aibi. A kan kwalta tana da kuka, tana cinyewa da sauri, tana ƙara shan mai, kuma in an yi ruwa ba ta kama birki kamar sauran. A rairayi mai laushi kuwa haƙoranta haƙa suke yi kamar fartanya. In direba ya taka mai da ƙarfi, sai mota ta nutse har cikinta ya zauna ƙasa. Mutane da yawa suna ganin manyan haƙora su ce wannan ce tayar daji. Tayar laka ce, ƙasarmu kuwa rairayi ya fi yawa.

Na uku, A/T. Wannan ta tsakiya ce, an yi ta don hanya kowace iri. Haƙoranta matsakaita ne, kafaɗunta da gefenta sun fi na H/T kauri. Ba ta kai H/T daɗi a kwalta ba, ba ta kai M/T ƙarfi a taɓo ba, amma tana bin kwalta da burji da rairayi ba tare da ta ba da kunya ba.

Ga shawararmu. Motar da ke tashi daga ƙauyukan Gangara ko Cadakori ko Saye Sabuwa, ta bi rairayi, ta hau burji, ta ƙarasa a kwalta, A/T mai alamar C ko LT ce ta fi dacewa da ita. M/T sai ga wanda aikinsa na damina a cikin fadamar gulbi yake, kamar mai kwaso kayan lambu. Shi ma in da hali, ya cire ta ya ajiye a inuwa idan ruwa ya ɗauke.

Zane yana ƙarewa. A cikin ramukan taya akwai wasu ƴan tudu da masu ƙera ta suka sa, tsayinsu milimita 1.6. In zane ya cinye har ya yi daidai da su, taya ta gama aiki. Ga hanyar gwaji mai sauƙi: ka sa kan tsinken ashana cikin ramin zane. In kan bai ɓuya ba, ka fara tanadin kuɗin sabuwa. Taya mai sanƙo ba ta kama birki a jiƙaƙƙiyar kwalta, kuma ƙaramar ƙaya ma tana huda ta.

In kuɗin taya biyu kawai ke gare ka, a sa sababbin a baya. In bayan mota ya zame, direba ba ya iya tare shi da sitiyari.

Iska

Taya mai kyau ba ta aiki sai da iska daidai. Iskar da ke ciki ita ke ɗaukar nauyi, roba riƙe ta kawai take yi.

Masu faci suna auna iska da abin da suke kira kilo, wanda a rubuce ake sa bar. Wasu ma'aunai kuma da psi suke nunawa. Kilo 1 daidai yake da psi 14 da rabi. Ke nan kilo 2 wajen psi 29 ne, kilo 3 wajen psi 44. Takardar nan ta jikin ƙofa tana faɗin iskar gaba da ta baya, da ta lokacin da mota ke wayam, da ta lokacin lodi. In za a yi lodi, tayoyin baya suna son ƙarin iska. Lambar da aka rubuta a jikin taya kusa da kalmar MAX iyaka ce, kada a wuce ta.

A auna iska da safe, kafin mota ta yi tafiya. Bugun taya da ƙafa ko da sanda ba awo ba ne. In iska ta yi kaɗan, gefen taya yakan yi ta lanƙwasa yana miƙewa, ya yi zafi, wayoyin ciki su rabu da roba, sai fashewa. In ta yi yawa, tsakiyar zane yakan cinye, mota ta riƙa tsalle a gargada. Idan aka yi tafiya da rana, awo zai nuna iska ta ƙaru. Zafi ne ya kumbura ta. Kada a rage, za ta koma daidai in taya ta huce.

Wuri ɗaya ne ake rage iska da gangan: rairayi mai zurfi. In an rage, taya takan baje, inda take taka ƙasa ya ƙara tsawo, ta riƙa bi ta bisa rairayi kamar tafin raƙumi. Motar da ba ta da kaya da yawa ana iya sauke ta zuwa wajen kilo 1 da rabi. Mai lodi kuwa kaɗan za a rage. A tafi sannu, kada a karya kwana da ƙarfi, don kada taya ta fita daga rim. Da an fito kan burji ko kwalta, a tsaya a mayar da iska. Wanda bai da famfo a mota, kada ya rage.

Wannan dabara tana da labari a jaharmu. A 1983, wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Toni Rinaudo yana aikin dashen itatuwa a ƙauyukan Maraɗi. Dashen yana ta mutuwa, har ya kusa fid da rai. Wata rana yana tafe da mota, sai ya tsaya don ya rage iskar tayoyinsa ya samu ya ratsa rairayi. Yana tsaye sai idonsa ya kai kan wani ɗan tsiro a gona. Da ya matsa ya duba ganyensa, sai ya gane toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙasa. Daga nan ya shiga aiki da manoma a kan su riƙa zaɓen toho mai ƙarfi suna gyara shi, su bar shi ya girma. Shi ne sassaben zamani, wanda ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a kansa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a gonaki kimanin hekta miliyan 5 a Nijar ta wannan hanya.

Direba yana da rabonsa a wannan aiki. Kada ya bar hanya ya faɗa gonar mutane don gudun rairayi. In ya yi haka zai take tohon da manomi ke reno, kuma kututture zai iya tsaga masa gefen taya. Hasara biyu ke nan.

Tayar hannu

Sabuwar taya tana da tsada, shi ya sa da yawa ke sayen ta hannu, wadda aka yi aiki da ita a Turai aka kawo ta jirgin ruwa. Ba dukkansu ne marasa kyau ba. Amma sai an duba da kyau, domin roba tana tsufa ko ba a yi tafiya da ita ba.

Ka nemi inda aka rubuta DOT. Bayansa akwai baƙaƙe da lambobi. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwar taya. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. In ka ga 0522, mako na 5 na 2022. In lambobin uku ne kawai, an yi ta tun kafin shekarar 2000, kada ka ko taya ta. Masu ƙera taya sun ce in ta shekara 5 a riƙa duba ta sosai kowace shekara, in ta shekara 10 a cire ta ko da zanenta na nan. A ƙasa mai zafi irin tamu, gara a cire ta tun kafin haka.

Sai kuma ka duba ko akwai hoton dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a ciki, tare da ƙananan tsage-tsage masu yawa a kan haƙoran taya. Yawancin irin wannan an yi su ne don hunturun Turai, inda ƙanƙara ke rufe hanya. Robarsu laushi gare ta. A zafin Maraɗi takan cinye da wuri.

Bayan haka ka juya ta a hannu, ka duba waje da ciki. Ka bar ta in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: tsagewa a gefe kamar faso, ƙulli ko kumburi, waya ta leƙo, faci a gefe, ko zanen da aka sake yankawa da wuƙa don ya yi kamar sabo. Hujin da ke bisa zane ana iya yi masa faci. Na gefe ba ya faci, domin nan ne taya ke lanƙwasa kowane juyi.

Lafiyar mai faci da ta gida

Wasu motocin, musamman masu taya 7.50 R 16, suna da rim mai zobe. In zoben bai zauna daidai ba aka yi ta ba da iska, yakan ɓalle da ƙarfin da ke iya kashe mutum. Mai faci ya tabbata zobe ya zauna, ya ba da iska kaɗan-kaɗan, ya tsaya gefe, kada ya sunkuya a kanta. A kori yara daga wurin.

Tsohuwar taya ma tana da nata zance. In an yar da ita a bayan gida, da damina takan tara ruwa, sauro ya yi ƙwai a ciki. A huda ta, ko a cika ta da ƙasa, ko a ajiye ta inda ruwa ba ya zuba. Kada a ƙona ta, kada kuma a babbake kai da ƙafa da ita. Hayaƙinta yana da guba, yana cutar da huhu, yana kama nama. Wadda ta gaji da mota amma ba ta fashe ba, amalanke zai more ta, tun da shi ba ya gudu.

Abin da za a tuna

1. A sayi girman da aka rubuta a jikin ƙofar mota.
2. A nemi alamar C ko LT, a duba lambar nauyi.
3. A zaɓi zane bisa ga hanyar da aka fi bi: H/T kwalta, M/T laka, A/T gauraye.
4. A karanta lambobi huɗu na bayan DOT kafin a biya kuɗi.
5. A auna iska da safe, ko da sau ɗaya a mako, har da ta tayar ajiya.
6. Kada mota ta bar gari sai da tayar ajiya mai iska, da jak, da katakon da za a ɗora jak a rairayi, da shebur, da famfo.

Kai kuma fasinja, da ke mai kai kaya kasuwa, kuna da ikon dubawa. Kafin ku ɗora buhunku ko ku hau da yaranku, ku zagaya mota ku dubi tayoyinta. In kun ga sanƙo ko kumburi ko waya a waje, ku yi wa direba magana cikin ladabi. In bai ji ba, ku jira wata motar. Rigakafi ya fi magani.

Aikin wannan mako: kowa ya nemi taya guda, ta mota ko ta amalanke, ya kwafi rubutun da ke jikinta a littafinsa. Ya fitar da faɗinta, da girman rim, da kilo nawa take ɗauka, da shekarar da aka yi ta. Sa'an nan ya karanta wa maƙwabcinsa.